Jirgi Ba Ya Tashi Da Zato: Daidaita Sensar Iskar Manifol A Injin Jirgin Da Aka Ƙera A Gida

Laccar da aka gabatar wa makanikai, masu walda da ɗaliban kimiyya a garin Dingyaɗi, ƙaramar hukumar Boɗinga, jihar Sakkwato



  Ina godiya ga matasan wannan gari da suka ga ya dace su gayyato ni.

Roƙon da suka yi mini shi ne in yi magana a kan ƙera jirgin sama a gida, tunda hotunan yaran da suka harhaɗa jirgi da ƙarafan gwangwan da injin mota sun cika wayoyinmu, kuma na san a cikin wannan zaure akwai masu wannan buri. Daga cikin jirgin gaba ɗaya na ɗauki abu guda, ɗan ƙarami da za ka rufe a tafin hannunka: sensar da ke auna matsin iska a cikin manifol, da yadda ake tabbatar da cewa gaskiya take faɗa. Dalilina shi ne, hannu muna da shi, basira ma Allah ya ba mu. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne awo, da tantance abin awon kansa. Maganata kashi 6 ce.

Na ɗaya: Mene ne ake aunawa?

Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, kuma tana danna kowane abu da ke doron ƙasa. A shekarar 1643 wani Ba'italiye mai suna Torricelli ya cika dogon bututun gilas da zaiba, ya kifa shi cikin kwano, sai zaibar ta tsaya a tsawon kusan inci 30, ta ƙi zubewa. Nauyin iskar waje ne ya tokare ta. A 1648 wani masani mai suna Pascal ya sa aka hau wani dutse a Faransa da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon yadda aka yi sama. Tun daga nan ake ƙidaya matsin iska da incin zaiba, kuma har gobe da shi matuƙan ƙananan jirage ke aiki. A bakin teku, ma'aunin da duniya ta amince da shi inci 29.92 ne, wato kilofaskal 101.3 a lissafin masu mota. Duk ƙafa 1,000 da ka yi sama, kusan inci 1 zai ragu.

To, mu koma cikin inji. Malam makaniki, kai ka san fistin idan ya sauka iska yake zuƙa, ka san kuma totur ƙofa ce a bakin hanyar wannan iska. Tsakanin ƙofar da bawul ɗin silinda akwai manifol. Idan ƙofar tana rufe, inji yana silo, fistin na zuƙa iska ba ta isa, sai matsin da ke cikin manifol ya faɗi zuwa wajen inci 10 ko 12. Idan ka buɗe totur gaba ɗaya, sai ya hau ya kusa kamo na waje, saura kamar inci 1 da filta da lanƙwasar bututu suka cinye. Inji mai tabo ko makamancinsa ne ke wuce iskar waje. Rotax 914 na ƙasar Ostiriya yakan kai kusan inci 40 wajen tashi, kuma minti 5 kacal kamfanin ya yarda a riƙe shi a haka.

Me ya sa wannan lamba take da daraja? Saboda ƙarfin inji yana bin yawan iskar da ta shiga silinda, mai kuma iskar yake bi. Matuƙi yana haɗa wannan lamba da saurin juyawar inji ya san kashi nawa na ƙarfin injinsa yake ci.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran maganar ta ginu. Gejin mai faci yana fara ƙidaya daga iskar waje, shi ya sa in ka zare shi daga taya yake komawa sifiri. Gejin manifol kuwa daga inda babu iska sam yake farawa. Saboda haka idan inji yana kashe ba ya komawa sifiri, matsin iskar wurin da kake tsaye yake nunawa.

Na biyu: Me zai faru idan sensar ta yi ƙarya?

A shekarar 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, yana ɗan shekara 24. Ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci da babura, ya ɗora masa injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne gaskiyar da ya gaya wa 'yan jarida da bakinsa, cewa jirgin ba shi da na'urorin auna matsin iska da nisa daga ƙasa da danshi. Ya san abin da ya rage masa, kuma bai ɓoye ba.

Na kawo shi ne domin yawancin yaranmu hanyar da ya bi za su bi, wato injin mota, tunda shi ne a kasuwa. Injin mota na zamani ba kafireto gare shi ba, nozul ne, kuma kwamfutar da kuke kira birenbos ce ke yanke yawan man da zai fesa. Da me take yanke hukunci? A injuna da yawa, har da na Honda, abu uku take dubawa: saurin inji, zafin iskar da ke shiga, da matsin manifol. Sensar tana da waya 3: ɗaya ta kawo mata bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta kai saƙo. A cikinta akwai wata 'yar fata ta silikon da ke lanƙwasa gwargwadon matsi, saƙon kuma yana hawa da sauka tsakanin kusan rabin bolt da bolt 4 da rabi. Birenbos ba ta ganin iska, wannan wutar kaɗai take gani.

Idan sensar ta faɗi ƙasa da gaskiya, birenbos za ta ɗauka iska kaɗan ce ta shigo, ta rage mai. Wuta ta yi zafi fiye da kima, inji ya fara ƙwanƙwasa, bawul ya ƙone, wani lokaci kan fistin ya huje. Idan ta faɗi sama da gaskiya, mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu, kuma tankin da ka lissafa zai kai ka gida ya ƙare a hanya.

Wani zai ce, ai motarsa ta daɗe da matsalar sensa kuma tana tafiya. Gaskiya ne. Amma mota a kan titin Sakkwato zuwa Jega ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, in ta tsaya kuma ka gangara gefen titi. Jirgi yana tashi da dukkan ƙarfinsa, ya yi tafiya a kan kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na awanni. Ƙaramin kuskuren da titi ke haƙuri da shi, sama ba ta haƙuri da shi. In ya mutu a ƙafa 300 bisa gonakin gero, ina gefen titin yake? Ko a Amurka, inda dubban mutane ke ƙera jirgi a gida, binciken da hukumar binciken haɗurran sufurinsu ta fitar a 2012 ya nuna lalacewar inji ce kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗarin irin waɗannan jirage.

Mudun da aka bubbuga gindinsa ya fi rashin mudu sharri, domin wanda ba shi da mudu yana taka-tsantsan, mai mugun mudu kuwa hankalinsa kwance yake. Haka sensar da ba a tantance ba take.

Na uku: Gwajin farko, inji a kashe

Wannan gwaji ba ya cin ko sisi. Ka murɗa makulli wuta ta kawo, kada ka tayar da inji. Yanzu iskar cikin manifol da ta waje ɗaya ce, don haka dole gejinka ya nuna matsin iskar wurin da kake.

To, nawa ne matsin iskar wurin da kake? A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya karanta a littafi cewa 29.92 ne, sai ya murɗa gejinsa har ya nuna haka. Shin Dingyaɗi bakin teku ce? Filin jirgin Sultan Abubakar na Uku da ke nan kusa da mu yana bisa teku da kusan ƙafa 1,010, wato mita 308. Saboda haka a yankinmu abin da ya kamata ka gani yana wajen inci 28.8 zuwa 28.9, ko kilofaskal 97 zuwa 98 idan da na'urar sikanin mota kake dubawa. A Legas za ka ga wajen 101. A filin jirgin Kano, wajen inci 28.3. A na Jos, da ya haura ƙafa 4,000, bai kai inci 26 ba. Wanda ya saita gejinsa a 29.92 a nan garin ya dasa kuskuren inci guda da hannunsa.

Akwai rami na biyu, kuma masu ilimi ne ke faɗa masa. Lambar matsin iska da hasumiyar filin jirgi ke gaya wa matuƙa, da wadda kake gani a hasashen yanayi na waya, an riga an mayar da ita lissafin bakin teku, domin a iya gwama gari da gari. Za ka ga 1,010 ko 1,012 hektofaskal, alhali ainihin abin da ke danna ka a Sakkwato yana wajen 975 zuwa 980. Idan ka je ofishin masu kula da yanayi na NiMet a filin jirgi, ka tambayi ainihin matsin tashar, wanda matuƙa ke kira QFE. Idan ka samu agogon tsawo na jirgi mai lafiya, ka murɗa shi har allurarsa ta zauna a sifiri, lambar da ta bayyana a 'yar tagarsa ita ce amsar. Wasu wayoyin hannu ma suna da ma'aunin iska a ciki, sai dai shi ma ka gwada shi da na tashar kafin ka yarda da shi. Kuma matsin iska yana motsi kaɗan daga safe zuwa yamma, don haka a duba su biyun a lokaci guda.

Na huɗu: Gwaji na biyu, da bokiti da tiyo

Gwajin farko wuri ɗaya tak ya tabbatar maka, can saman ma'auni. Sensa tana iya faɗin gaskiya a inci 29 ta yi ƙarya a inci 22, inda jirgi ke yin yawancin tafiyarsa. Dole a gwada ta a wurare da dama. Da me? Ba sai ka nemi zaiba ba, kuma ina roƙonku kada ku taɓa ta, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ruwa ya ishe mu, domin zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6. Ma'ana, inci 1 na zaiba daidai yake da santimita 34.5 na ruwa, mita 1 na ruwa kuma inci 2.9 ne, ko kilofaskal 9.8.

Ka samo farin tiyo irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi. Ka aje bokitin ruwa a gindin dogon bango ko bishiya, ka tsoma baki ɗaya a ciki, ka miƙe tiyon sama sak fiye da mita 4, ka ɗaure tef na awo a gefensa, sifirinsa daidai fuskar ruwan bokiti. Ɗaya bakin ka raba shi biyu, reshe ɗaya ya tafi ga sensa, ɗaya ga famfon zuƙa na hannu ko babban sirinji. Ka zuƙa a hankali har ruwa ya hau mita 1, ka matse tiyo. Idan iskar waje inci 28.8 ce, dole geji ya nuna 25.9. A mita 2 ya nuna 23.0. A mita 3 ya nuna 20.1. A kowane mataki ka rubuta abin da geji ya nuna, da bolt ɗin da mitarka ta karanta a wayar saƙo. Sannan ka sassauta ka sauko mataki-mataki, ka sake rubutawa. Ka kula ruwa kada ya kai ga sensar.

Kafin ka rubuta komai, ka bar ruwan ya tsaya minti guda kana kallonsa. In yana zamewa ƙasa da kansa, akwai inda iska ke shiga, sai ka nemo wurin tukuna.

Yanzu ka dubi lambobinka. Idan kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, misali rabin inci sama a kowane mataki, wannan gyaransa mai sauƙi ne, yawancin allunan inji na zamani suna da wurin ƙarawa ko ragewa. Idan kuskuren yana girma yayin da kake sauka, to lissafin da ke juya bolt zuwa inci ne bai dace da wannan sensar ba. Watakila ta wani inji ce, ko ta mai tabo ce aka sa wa marar tabo, domin a ido kamarsu ɗaya. Idan kuwa lambobin suna tsalle, ko na hawa ya saɓa da na sauka, ka fara duba wayar ƙasa da bolt 5 ɗin nan. In lafiyarsu ƙalau, ka jefar da sensar. Shawarata ita ce, duk kuskuren da ya kai rabin inci kada a tashi da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida. A ɗora sensar sama da manifol domin man da ya taru a tiyo ya gangara ya koma inji. A nisanta ta da salansa. A sa tiyo mai kauri da ba ya shaƙewa idan an zuƙe shi, a ɗaure bakinsa da kilif. Tiyon da ya tsage yana sa geji ya nuna sama idan inji na silo. Wanda ya toshe kuma allurarsa nawa take yi, ka taka totur sai daga baya ta biyo.

Na biyar: Ƙasarmu da yanayinta

Littattafan injin jirgi an rubuta su ne a kan rana mai sanyin digiri 15 a bakin teku. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri. A rana mai digiri 42, jirgin da ke tsaye a filin Sakkwato fukafukansa da farfelarsa suna jin kamar yana bisa ƙafa 4,500, injin ma ƙarfinsa ya ragu da wajen kashi 5 cikin 100. Amma gejin manifol zai nuna maka kusan lambar da ya nuna da asuba, kuma bai yi ƙarya ba, domin matsi yake aunawa, ba kauri ba. Shi ya sa dole sensar zafin iska ita ma a gwada ta, kuma gwajin tashi na safe ne.

Da hunturu ƙurar buji tana toshe filta. Yaya za ka gane tun kana ƙasa? Idan kullum totur a buɗe yana ba ka inci 1 ƙasa da na waje, yau kuma ya ba ka 2, to wani abu ya tsaya a hanyar iska. Da damina kuma, ga masu injin kafireto, akwai abin da zai ba ku mamaki: ƙanƙara. Mai yana tururi a maƙogwaron kafireto, zafin wurin yakan faɗi da digiri 20 ko fiye, danshin iska ya daskare ya toshe hanya, ko da a waje ana digiri 30. Saukar allurar manifol a hankali, ba tare da ka taɓa totur ba, tana cikin alamominsa na farko. Wanda bai amince da gejinsa ba, ta yaya zai gane gargaɗin?

Na shida: Rubutu, doka da neman malami

Duk abin da na lissafa ba shi da amfani in ba a rubuta ba. Ka sayi littafi guda na injin: rana, lokaci, zafin gari, matsin waje, abin da geji ya nuna a kashe, a silo, da totur a buɗe. Lamba ɗaya ba ta gaya maka komai, sai ka jera ta da ta makon jiya. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Abin da ya sa iliminsu ya iso gare mu bayan shekara 200 shi ne sun rubuta.

Kada kuma wani ya ce muku jirgin gida wasan yara ne. 'Yan'uwan nan biyu, Wright, da suka tashi ranar 17 ga Disamba 1903, masu gyaran keke ne, injinsu doki 12 ne, makanikin shagonsu ne ya ƙera shi. Amma sai da suka gwada siffofin fukafukai masu yawa a akwatin iska, suka rubuta sakamako, kafin su hau. A nan gida, jirgin Air Beetle da rundunar sojan samanmu ta horar da matuƙanta da shi, asalinsa RV-6A ne, jirgin da mutane ke harhaɗawa a garejinsu a Amurka. Guda 60 aka haɗa wa rundunar a Kaduna. Bambancinsa da na bayan gida shi ne awo da gwaji da takarda. A Amurka ma, jirgin gida mai injin da ba na jirgi ba yawanci sai ya cika awa 40 na gwaji a keɓaɓɓen wuri, babu fasinja.

Mu ma muna da hukumar kula da harkar jiragen sama, NCAA, kuma babu wanda ke da izinin ɗaga jirgi sama ba da saninta ba, balle a kusa da filin jirgi, balle a halin tsaron da muke ciki. Ku gwada injinku a ɗaure a ƙasa iya son ranku, amma tashi sai da izini da idon injiniya mai lasisi. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, tun 1964 take, tana koyar da gyaran jirgi. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejin kimiyya da fasaha a Sakkwato, kuna da malamai a ƙofar gida.

Kammalawa

Iyayena, idan yaro ya zo da wannan buri kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a zuga shi ya hau abin da ba a auna ba. A saya masa mita da littafi, a tura shi wurin masani. Masu hali da wakilanmu, ku ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya daga Boɗinga ko Shagari zuwa Zariya. Malaman makaranta, gwajin bokiti da tiyo ku yi shi da ɗalibanku a wannan zangon. Iyayen gidan gareji, gobe da safe ku murɗa makullin motar farko da ta shigo, ku duba ko sensarta ta nuna 97 ko 98. Wanda ya saba da tantance awo a mota shi ne za a iya ba amanar jirgi.

 Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Shugaban taro, na mayar da magana gare ka. Duk mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina so makanikai su fara.